Batir biyu a mota ɗaya: yadda za ka yi caji da injin da kuma rana

A Amurka da Ostiraliya akwai masu ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura, ko su ja shi a baya, su shiga daji su yi mako guda da firjinsu da fitilunsu. Mu nan ba shan iska ke sa mu kwana a mota ba, neman abinci ne. Direban tirela da ya yada zango a Tafa ko Mararrabar Jos, da wanda ke layin lodi a Apapa kwana da kwanaki, da mai Hilux da ke zirga-zirga tsakanin Agadas da Dirku, da mai kai ruwan sanyi kasuwannin ƙauye, duk buƙatarsu ɗaya da ta waɗancan: fanka ta kwana tana juyawa, waya ta cika, firji ya riƙe sanyi, da asuba kuma a murɗa makulli mota ta tashi.

A wannan na ƙarshen ake yawan jin kunya. To ƙanena, ga yadda za ka tsara abin.

1. Ka bar batirin mota da aikinsa. An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, injin ya tashi, altaneta ta mayar masa nan take. Ba ya jure a riƙa tsotsarsa dare guda har ya kwanta. Ka yi masa haka sau kaɗan, sai ka koma neman masu turi. Fanka da firji da caji su koma kan batir na biyu, irin wanda ake sa wa inbata ko sola.

2. Yi lissafi kafin ka taɓa aljihu. Kowane kaya yana da wat ɗinsa a rubuce a jikinsa. Ka ninka shi da awannin da yake aiki. Ga misali: ƙaramin firjin mota mai wat 45, a zafinmu yana iya yin awa 12 yana aiki a cikin 24, ya ci 540. Fanka mai wat 15 ta awa 8, ta ci 120. Ƙwayayen fitila biyu masu wat 5 na awa 4, sun ci 40. Wayoyi uku, ka ba su 50. Jimla 750. Raba da 12, ka samu wajen 62. Abin da kake ci ke nan a rana, a irin ma'aunin da ake rubutawa a jikin batir, wato 62Ah.

Batir mai ruwa ko na jel, rabinsa kawai ne naka. In kana wuce rabi kullum, kana rage masa kwana. Saboda haka mai cin 62 ya sayi 150Ah ya huta. Na litiyom, wanda aka rubuta wa LiFePO4, kana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, don haka 100Ah ya ishe ka, ga shi bai kai rabin nauyin wancan ba. Tsadarsa ce dai ke korar mutane.

3. Gobe da safe, auna motarka. Ƙaramar mita irin ta masu rewaya ba ta da tsada, ka mallaki taka. Kafin ka tayar da injin, ɗora ta a kan batir. Lafiyayye cikakke zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2, rabi ya rage. Tayar da injin, ka sake aunawa: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, fara gyara altaneta ko bel ɗinta, kada ka ɗora wa gurgu kaya. Ka kuma leƙa takardar da ke manne a jikin altanetar, ka ga amfiya nawa take bayarwa.

Wasu sababbin motoci, musamman masu zuwa daga Turai, kwamfuta ce ke juya altanetarsu. Da batirin mota ya cika sai ta sauke wutar zuwa bolt 12 da ɗoriya don a rage shan mai. In ka lura wutar na hawa tana sauka haka bayan an ɗan yi tafiya, ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a mataki na gaba.

4. Kada ka haɗa batiran biyu da waya kai tsaye. Nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa. In ka haɗa su haka sun zama tulu ɗaya, firji zai shanye su tare, da safe babu mai tashi. Dole a sa wani abu a tsakani da zai haɗa su in injin na aiki, ya raba su in an kashe.

Hanya mai araha ita ce rilen da ke jin ƙarfin wuta, wanda masu kaya ke kira aisoleta. Yana haɗawa in wuta ta kai wajen bolt 13.3, ya yanke in ta sauko wajen 12.8. In motarka tsohuwar ƙira ce, batirinka na biyu kuma mai ruwa ne, wannan ya wadatar.

Amma in litiyom ka saya, ko motarka mai altanetar kwamfuta ce, cajar DC-DC za ka nema, babu ja. Litiyom in ya ji yunwa yana zuƙar duk abin da altaneta za ta iya bayarwa, ita kuwa in injin na silo fankar cikinta ba ta juyawa da sauri, sai ta yi zafi ta ƙone. Cajar tana ƙayyade abin da zai ja, sannan ta ɗaga wutar zuwa daidai yadda batirin ke so. Mai amfiya 20 ko 30 ta ishi yawancin a-kori-kura. Da mai 30, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ta mayar wa litiyom ɗinka 62 ɗin da ka ci jiya. Kamfanoni irin su Victron da Redarc da Renogy da CTEK duk suna yin ta, wasu samfuran ma har da wurin haɗa sola a ciki, ka ga an rage maka akwati ɗaya. Ni a ganina, ko batirinka mai ruwa ne, in da hali wannan cajar ta fi rilen, don tana cika shi har wuya.

5. Masu tirela, ku tsaya nan. DAF da MAN da Howo bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu ne aka jera. Na san dabarar da ake yi: a ja waya daga guda ɗaya a samu 12 a kunna fanka. Ku daina. Wanda ake ja yana kwanciya, ɗan'uwansa yana shan caji fiye da ƙima, kafin ka ankara ka sayi biyu. Caja mai karɓar 24 ta fitar da 12 ita ce maganin.

6. Waya mai kauri, kuma ta jan ƙarfe. A bolt 12, asarar rabin bolt a hanya babbar asara ce. Amfiya 30 a tsawon mita biyar zuwa shida tana son waya mai kaurin 16mm². Kafin ka biya, ka kankare bakin wayar da wuƙa. In ja ya goge fari ya bayyana, alminiyom ce aka yi wa fenti, mayar masa da kayarsa. In ɗakin jansa kake yi a baya, kada ka dogara da soket ɗin fitilun tirela, wayarsa siririya ce. A ja masa tasa daban, da fulogin Anderson mai amfiya 50.

7. Fiyus biyu, ba ɗaya ba. Ɗaya kusa da batirin mota, ɗaya kusa da na biyu, kowanne a kan jar waya, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Dalili: in wayar ta goge ta taɓa bodi, wuta ta kowane ɓangare za ta zo. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. In rewaya ya ce zai naɗa siririyar waya a madadin fiyus, canja rewaya.

8. Yanzu sai rana. Injin na tafiya ne, sola ta zango ce. Ranar da kake layi ba motsi, ita za ta riƙe ka ba tare da ka ƙona dizal ba. Lissafinta: wat ɗin fanel, sau awa biyar na rana mai ƙarfi, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da waya. Fanel mai wat 200 zai ba ka wajen 750, daidai da misalinmu.

Abin da mutane ba su cika sani ba, fanel haske yake so, ba zafi ba. Lambar da ke bayansa an auna ta ne a digiri 25, kowane digiri da ya ƙaru kuma yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin 100. Don haka kada ka manna shi a kan rufi, ka bar tazarar yatsu uku ko huɗu iska ta riƙa bi ta ƙasa. A ɗaure shi da noti mai wosha, ba da igiya ba. Inuwa kuma ko ta igiyar tamfol ce da ta gitta a kansa tana iya rage wutar sosai. Lokacin hunturu, yaron mota ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya kafin ya yi zafi.

In kana son fakin a ƙarƙashin bishiya, wanda kowa ke so, nemi fanel mai naɗewa da doguwar waya. Mota a inuwa, fanel a rana, ido kuma a kansa.

9. Fanel ba ya shiga batir sai ta kwanturola. Iri biyu ne, PWM mai araha da MPPT mai tatsar wuta fiye da ita. Daga wat 200 zuwa sama MPPT ta cancanci kuɗinta, sai dai ka kula, kasuwa cike take da 'yan ƙananan akwatuna marasa nauyi da aka buga wa sunan kawai. Wajen haɗawa, batir tukuna, sannan fanel. Wajen cirewa, fanel tukuna. Ka shiga saitin ka zaɓi irin batirinka. Sola da cajar injin suna iya aiki a kan batir ɗaya lokaci guda, ba sa faɗa.

10. Wurin ajiye batir. Mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta in yana caji, kada ka rufe shi a inda kake kwana, kuma ruwan batir kawai za ka ƙara masa, ban da na rijiya ko na leda. Litiyom ba ya shiri da zafin injin, kada a sa shi a ƙarƙashin bonet. Kowanne ne, a ɗaure shi tam.

Kada kuma ka bar injin yana silo ka rufe gilasai ka kwanta wai kana caji. Hayaƙin salansa na shiga ba ka ji ba, yana kisa.

11. Bayan mako guda, sake dubawa. Hanya na kwance noti. Bi kawunan wayoyin ka ƙara ɗaure su. Bayan tafiyar rabin awa ka taɓa kowace mahaɗa da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba komai, amma wadda ta yi zafin da ka janye hannu, a kwance ta a kankare a sake matse ta a ranar.