Baƙaƙen Zomaye, Farin Ɗa

Tambaya: Malam, na sayi baƙaƙen zomaye biyu a Kasuwar Sabon Gari, sai suka haifi fari fat mai jan ido. An cuce ni ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba wanda ya cuce ka. Farin ɗan nan zabiya ne. Zabiyanci gado ne mai ɓuya, ba ya fitowa sai ɗa ya gaje shi ta wajen uwa da uba duka. Naka kowannensu na ɗauke da shi ƙarƙashin baƙin gashin nan, don haka kusan ɗaya cikin huɗu zai zo fari. Gregor Mendel ya bayyana wannan lissafi a 1865, kuma da shi masu kiwon macijin boa a Amurka ke samun zabiya. In farare kake so, nemo wa farin ɗan nan fara mai jan ido daga wani gida. Ka ajiye shi a inuwa, idonsa ba ya son rana.