Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Ajiye Harsashi a Gida?

Wani mai sauraronmu, maharbi daga Ningi a Jihar Bauchi, ya aiko yana tambaya: yaya zai adana harsasan bindigarsa ta farauta su daɗe ba su lalace ba?

To malam maharbi, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mallakar harsashi sai ga mai lasisin bindigar da ake amfani da shi a cikinta. A tabbata takarda na nan.

Manyan abokan gaban harsashi biyu ne: laima da zafi. Laimar damina kan sa gindinsa ya yi tsatsa, ta jiƙa albarushin da ke ciki, ranar buƙata ya ƙi tashi. Wani lokaci ma ya tashi da rauni ya toshe bututun bindiga, harbi na gaba ya fasa ta a hannun mai ita. Zafi kuwa a hankali yake cin ƙarfin albarushi, don haka kada a rataye harsashi kusa da rufin kwano da bazara, balle kusa da murhu ko jarkar fetur.

A samu akwatin ƙarfe mai rufuwa ruf, a sa ƙunshin nan mai tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, a ɗora akwatin bisa katako. A kulle shi daban da bindiga, makullin yana jikinka, saboda yara.

Harsashin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, don Allah kada a harba, kada a jefa shi a wuta. A miƙa wa 'yan sanda.