Tsohuwar Kyamara da Kamun Kifin Argungu: Darasi a Kan Haske da Lokaci

Da za a ɗauko kyamarar da Louis Daguerre ya yi aiki da ita a Faransa a 1838, a kafa ta a bakin kogin Matan Fada ranar gasar kamun kifi, abin da zai fito a hoton zai ba mai karatu mamaki: gaɓar ruwa da itatuwa za su fito sarai, amma dubban masuntan da suka auka cikin ruwa da homa da gora za su ɓace, sai dai wani dishi-dishi kamar hazo. Irin haka ta faru da Daguerre kansa lokacin da ya ɗauki hoton wani titi a birnin Faris. Titin cike yake da jama'a da kekunan doki, amma wanda ya fito fili shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Dalili kuwa shi ne, sai an bar haske yana shiga na'urar na tsawon mintoci, duk abin da ya motsa a wannan tsakani ba ya barin sawu.

Saboda haka mai son fahimtar tsofaffin kyamarori ya fara da tambaya ɗaya: tsawon wane lokaci wannan na'ura take bukata kafin ta kama hoto?

Asalin na'urar

Kyamara ɗaki ne mai duhu da ƙaramar kafa. Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cewa haske a miƙe yake tafiya, don haka surar da ta ratsa kafa takan sauka a bango a kife. Duk wanda ya taɓa kishingiɗa da rana tsaka a ɗakin laka mai hudajjen ƙyaure, ya ga inuwar masu wucewa tana yawo a bango kai a ƙasa, to ya ga wannan ka'ida da idonsa. Abin da ya gagari masana ƙarni da yawa shi ne tsayar da surar. Nicéphore Niépce ya samu nasarar haka wajen 1826, amma sai da ya bar na'urarsa a buɗe aƙalla sa'o'i takwas. Daga baya aka dogara ga gishirin azurfa, wanda haske yake sauya shi, wankin hoto kuma ya fito da sauyin.

Daga nan sai tsere ya koma na rage lokaci. George Eastman ya fitar da Kodak a Amurka a 1888, da fim na naɗi mai hoto 100. A 1900 ya kawo Brownie, akwatin kwali da ake sayarwa dala ɗaya. Leica ta fito a Jamus a 1925 da fim mai faɗin milimita 35, marfinta kuma yana iya buɗewa ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na sakan. Rolleiflex mai ido biyu ta biyo baya a 1929. Ke nan a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa kamun kifin da ya zama tushen bikin, an riga an ƙera na'urar da za ta iya tsayar da masunci a tsakiyar tsallensa, har da ɗigon ruwan da ke tashi daga homarsa.

Karanta kyamara

Idan tsohuwar kyamara ta shigo hannunka, duba lambobin da ke jikinta. Jerin 30, 60, 125, 250, 500 saurin marfi ne. Kowace lamba tana rage lokacin buɗewa zuwa kusan rabin na baya. Jerin 4, 5.6, 8, 11, 16 kuwa faɗin kafar haske ne, kuma a nan ɗalibai kan ruɗe, domin babbar lamba ƙaramar kafa take nufi. Lambar ƙira da ke ƙasa ko gefen gilashi takan taimaka wajen gano shekarar da aka yi ta. Rolleiflex da 'yar uwarta Yashica ta Japan, wadda ta fi sauƙin kuɗi, hoto 12 kacal suke ɗauka a naɗi guda. Wannan ne ya sa mai hoton da bai danna marfi da garaje, sai ya gyara wa mutum zaman hula ya ce kada ya motsa.

Maƙiyan kyamara a kwarin Rima

Yanayinmu ba ya sassauta wa waɗannan kaya. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. Wanda ya goge gilashi da bakin riga ya karce shi ke nan, gara a fara hure ƙurar. Laimar damina ta fi ɓarna, musamman a gidajen da ke kusa da fadama, domin fumfuna takan yi saƙa kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashi har ta cinye shafen da ke kansa. Kada a ajiye kyamara cikin jakar fatarta ko a ƙasan adaka. A sa ta inda iska ke ratsawa, a cire batir, a kuma saki marfi kada a bar shi a ɗane. Fim ɗin da ya fara warin tsami ya soma ruɓewa, a ware shi daga sauran. Wanda aka yi kafin shekarun 1950 yana iya zama mai saurin kama wuta, a nisanta shi daga zafi.

A ganina, kyamarar da aka raba da fina-finanta da sunan mai ita ta rasa rabin darajarta. Tun da wayar hannu ta karɓe aikin, shagunan hoto da dama sun rufe, magada kuma sukan ga tarkace ne. Alhali cikin waɗannan ambulan akwai hawan salla, naɗin sarauta, ɗaurin aure, da kamannin Birnin Kebbi kafin ta zama hedikwatar jiha a 1991. Mai tarawa ya rubuta wanda ya mallaki na'urar, garin da ya yi aiki da shekarun da ya yi, tun masu sani suna raye. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda fadar sarki ce har 1942 aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1958, ya adana makamai da tambura da kayan su. Kyamarar da ta ɗauki hoton bikin ta cancanci gurbi kusa da homa da gora.