Zuwa ga 'ya'yana masu kwana da waya a hannu



 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a cikin gidana na gan shi. Wani dare cikin hunturun bara na fito wajen ƙarfe uku, sai na hangi haske ta ƙarƙashin bargo a ɗakin samari. Na yaye bargon. Ɗan ƙanwata ne mai shekara 15, ya ƙudundune, babban yatsansa yana ta shafar fuskar waya, idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. Na ce, "Kai, har yanzu ba ka yi barci ba?" Ya ce, "Kawu, datar dare na saya, da asuba za ta ƙare." Da aka kira salla, sai da na yayyafa masa ruwa kafin ya motsa.

Ban yi masa faɗa ba, don na san ba shi kaɗai ya ɗaure kansa ba. Da gangan aka ƙera abin nan don ya riƙe ku. A 2006 wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa, wanda kana ja wani yana fitowa, kuma daga baya ya fito fili ya ce yana nadama. Tatsuniyar da kakanninmu ke yi mana a tsakar gida tana da ƙurunƙus, daga nan kowa ya nufi shimfiɗarsa. TikTok ba shi da ƙurunƙus. Yana lura da bidiyon da ka daɗe a kai, ya ƙaro maka irinsa, don da daɗewarka kamfanin ke sayar da talla.

Barci ne abu na farko da waya ke ƙwacewa, kuma shi ya fi damuna. Likitoci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari, melatonin, mai shaida wa jiki lokacin kwanciya ya yi. Hasken waya a fuska yana jinkirta shi, ga hira da dariya da jiran amsar saƙo suna hana zuciya natsuwa. A cikin barci mai nauyi jikinku ke girma, a cikinsa kuma ƙwaƙwalwa ke adana karatun yini. Yaron da ya kwana latse-latse ya zauna a aji yana gyangyaɗi, ba daƙiƙi ba ne, amma sakamakon WAEC zai fito kamar na daƙiƙi. Sai ciwon kai, saurin fushi, da yi wa uwa tsawa a kan ƙaramin aike.

Ku dubi wuyanku kuma. Kan babban mutum ya kai kusan kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai sosai kamar yadda ake yi wa waya, nauyin da ke kan wuya yana kai kilo 27. Wato ya ɗara jarkar ruwa mai lita 25, irin wadda masu ruwa ke turawa a kura. Ido ma yana rage ƙiftawa idan ya ƙura wa waya, shi ya sa yake bushewa yana yaji. Masu toshe kunne da abin sauraro su ƙure ƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji.

'Yan matana, ku zo kusa. Na ga yarinya kyakkyawa, baƙa mai sheƙi, ta ɗauki hoto ya fi ashirin tana gogewa, don babu wanda ya yi kama da na matan da take bi. Ba ta san fuskokin nan tace su aka yi ba, kayan ma sau da yawa na aro ne. Daga nan sai man bilicin, sai ƙin cin abinci, sai kuka a ɗaki saboda wata baƙar magana da wani da bai san ta ba ya rubuta a ƙasan hotonta. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a shafukan sada zumunta haɗarin damuwa da ƙuncin zuciya yana ninkuwa a kansu. Idan kin ji ƙirjinki ya yi nauyi kwana da kwanaki, ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayarki, a je asibiti. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani.

Faransa ta hana ƙananan ɗalibai waya a makaranta tun 2018, Ostireliya kuma ta yi doka a 2024 ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta. Mu a nan dokar daga gida za ta fito. Ba na ce ku jefar da waya ba. Na san masu sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, da wanda ya koyi gyaran sola a YouTube har yana ciyar da iyayensa. Roƙona dai waya ta daina kwana a shimfiɗarku. Ku kashe ƙarar saƙonnin da ba dole ba, ku ajiye ta idan an zuba abinci, ko babba yana muku magana.

A gidana yanzu, ƙarfe goma na yi kowa ya kawo wayarsa cikin wani kwanon sha da ke ɗakina, tawa ce ke fara shiga. Makon farko ɗan ƙanwata ya yi ta kumbura fuska, ya yi ta juyi ya kasa barci. A mako na uku, ina alwala na ji motsin buta a bayana, na waiga, shi ne.

Ku gaishe mini da iyayenku.

Wassalam,
Kawunku