“Ɗan Zakara Ne”: Gaskiya da Algus a Tallan Karnukan Gasa

Ni likitan dabbobi ne, kuma cikin ayyukan da ake kawo min akai-akai har da duba kwiyakwiyin karnukan waje, wani lokaci kafin a biya kuɗi, mafi yawan lokaci bayan an riga an biya. Galibinsu German Shepherd ne da Rottweiler da Boerboel da Caucasian Shepherd, waɗanda ake saye don gadin gida ko gona, ko don a fara kiwo. Kusan duk mai saye yakan nuna min tallan da ya ja shi a Facebook ko Instagram: uban zakaran Turai ne, uwar ta ci kofi a Ingila, jinin zakaru gaba da baya. A kan waɗannan kalmomi aka ninka masa farashi.

Abin da aikin nan ya nuna min shi ne, ƙarya tsagwaronta ba ita ce ta fi yawa a irin wannan talla ba. Abin da ya fi yawa shi ne gaskiyar da aka gutsure. Kowane kambu na gasar karnuka yana da abubuwa huɗu: karen da ya ci shi, hukumar da ta ba da shi, ranar da aka ba da shi, da kuma matakinsa. Duk tallan da ya ɓoye ɗaya daga cikinsu ya yaudari mai saye, ko da kowace kalma da ke cikinsa gaskiya ce.

Yadda kare yake zama zakara

Gasar nuna karnuka al'ada ce ta Turai da Amurka, kuma a can take da dokokinta. A Birtaniya hukumar Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, ita ce take riƙe da rajista. Hanyar da aka fi sani ta zama zakara a wurinta ita ce kare ya ci takardar da ake kira CC har sau uku, daga hannun alƙalai uku daban-daban, kuma aƙalla ɗaya daga ciki ya zo bayan karen ya wuce wata 12. A kowace babbar gasa, namiji ɗaya da mace ɗaya ne kawai suke samun wannan takarda a kowane irin kare. Shi ya sa masu kiwo da yawa sukan shekara da shekaru suna yawon gasa ba su haɗa ukun ba.

A Amurka, hukumar AKC da aka kafa a 1884 tana amfani da maki. Sai kare ya tara maki 15, ciki har da manyan nasarori biyu masu maki 3 zuwa 5, a hannun alƙalai biyu daban. Yawan makin kuwa ya danganta da yawan karnukan da ya kayar a ranar. Wanda ya ci abokin hamayya ɗaya tilo ba zai tashi da maki irin na wanda ya ci taro ba.

Yawancin ƙasashen Turai da Asiya da Kudancin Amurka suna ƙarƙashin ƙungiyar FCI, wadda aka kafa a 1911, mai hedikwata a garin Thuin na Beljiyam. Ga irin karnukan da ba a wajabta musu gwajin aiki ba, kambunta na zakaran ƙasa da ƙasa yana buƙatar takardar CACIB guda huɗu, a ƙasashe uku, daga alƙalai uku, kuma tsakanin ta farko da ta ƙarshe a sami shekara guda da kwana ɗaya.

German Shepherd yana da nasa tsarin a ƙarƙashin ƙungiyar SV ta Jamus, wadda Max von Stephanitz ya jagoranci kafawa a 1899. Can ana ba kare daraja ne da haruffa: G, sai SG, sai V, sannan VA wadda ake ba wa 'yan ƙalilan a babbar gasar shekara. Karen da bai kai wata 24 ba, iyakarsa SG.

Duk waɗannan tsare-tsare sun haɗu a kan abu guda: kambu yana cin lokaci, galibi yana buƙatar alƙali fiye da ɗaya, kuma ana rubuta shi a kundin hukuma inda za a iya bincikawa.

Inda algus yake shiga

Hanya ta farko ita ce a ɗauki nasarar aji a sayar da ita a matsayin nasarar gasa. A kowace gasa ana raba kowane irin kare zuwa azuzuwa, bisa shekaru da jinsi da abin da ya taɓa ci. Wanda ya ci ajinsa zai kara da waɗanda suka ci sauran azuzuwa, a fitar da gwarzon irin, sannan gwarzon rukuni, sannan gwarzon gasar baki ɗaya. Kintinkirin “na ɗaya” da kake gani a hoto yana iya zama na ajin kwiyakwiyi ne mai karnuka biyu, ko ma ɗaya. Kamar ɗalibin da ya zo na ɗaya ne a ajin da shi kaɗai ya zauna jarrabawa: bai yi ƙarya ba, amma ba abin da ka fahimta ke nan ba.

Ta biyu ita ce sunan babbar gasa. Crufts, wadda Charles Cruft ya fara a 1891 kuma ake yi duk shekara a watan Maris a Birmingham, tana tara karnuka wajen 20,000. Kafin kare ya shiga sai ya cancanta, kuma ana iya samun cancantar ta hanyar zuwa na ɗaya ko na biyu ko na uku a wasu azuzuwa na manyan gasanni. Wannan abin a yaba ne, amma tikitin shiga ne kawai. Na sha ganin talla ya ce “karen Crufts”, da aka bi diddigi sai aka tarar ya cancanci zuwa ne, wataƙila ma bai je ba. Haka ake yi da sunan gasar Westminster ta Niyok, wadda aka fara a 1877.

Ta uku ita ce ɓoye lamba. A tsarin Jamus darajar V ba ta kare ɗaya ba ce. Alƙali yana iya ba karnuka da yawa a aji guda, ya jera su V1, V2, har zuwa ƙasa. Mai talla da ya rubuta “V” kawai bai gaya maka ko karensa ne a gaba ko shi ne na arba'in ba. Wanda kuwa ya ce maka kwikwiyonsa ɗan wata goma yana da V ko VA, ya faɗi abin da tsarin bai yarda da shi ba.

Ta huɗu ita ce ɓoye hukumar da ta ba da kambun. A Amurka akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da suke ba da laƙabin “zakaran ƙasa da ƙasa” a ƙarshen mako guda, ba tare da kare ya bar garinsu ba. Sunan ɗaya ne da na FCI, wahalar samun su kuwa ba a haɗa ta. Masu son Boerboel su lura da wannan musamman: FCI ba ta amince da Boerboel a jerin irinta ba, don haka babu Boerboel mai kambun FCI. AKC ta amince da shi a 2015, kuma a Afirka ta Kudu ƙungiyar masu kiwonsa ta SABBS tana auna kare ne ta ba shi maki bisa ɗari. Makin awo sheda ce mai amfani, amma ba kofin gasa ba ne.

Ta biyar, kuma wadda ta fi cin kuɗin mutanenmu, ita ce “jinin zakaru”. Takardar nasaba mai hawa biyar tana ɗauke da sunayen kakanni 62. Kwikwiyo yana gadon rabi daga uba, rabi daga uwa; daga kowane kaka kimanin kashi 25 cikin 100; a hawa na uku kimanin kashi 12.5, a hawa na biyar kuwa kimanin kashi 3 kacal. Tun da masu kiwo suna rububin kai karyarsu barbara wurin namijin da ya shahara, da wuya ka sami takardar nasaba ta gaske da babu zakara ko ɗaya a wani lungunta. Zakara a hawa na biyar ba dalili ba ne na ƙara ko kwabo.

Sai ta ƙarshe, wadda ita kam ha'inci ce a fili: hoton wani kare, ko takardar wani kare. Karen da ya yi gasa a Turai yana ɗauke da 'yar ƙwayar shaida ta lantarki a ƙarƙashin fata, mai lamba 15, kuma lambar tana rubuce a takardunsa. Ya sha faruwa in ɗora na'urar karantawa a wuyan karen da aka ce shi ne uban, lambar da ta fito ta saɓa da ta takarda. Wani lokaci ma babu ƙwayar sam.

Kambu ba takardar lafiya ba ne

Ko da kambun na gaske ne, a san abin da yake shaidawa. Alƙalin gasa yana duba siffa ne da tafiya da gashi da haƙora, yana gwada su da siffar da aka rubuta wa irin, cikin 'yan mintuna. Ba ya ganin cikin ƙashi, ba ya ganin zuciya, kuma bai gwada ko karen zai iya gadi ba.

Turawan da kansu sun sha fama da wannan. A 2008 BBC ta nuna shirin Pedigree Dogs Exposed, wanda ya bayyana yadda karnuka masu cututtukan gado suke cin gasa, kuma ake ci gaba da barbara da su. Bayan shirin BBC ta daina nuna Crufts. A 2012, da aka fara sa likitocin dabbobi su duba gwarzayen wasu irin kafin su wuce zagaye na gaba, shida suka faɗi gwajin, ciki har da Bulldog da Pekingese da Neapolitan Mastiff. Alƙali ya ce su ne kan gaba a irinsu, likita ya ce ba su da lafiyar da za su wuce.

Manyan karnukan da ake saye a nan, abin da ya fi damun su shi ne lalacewar mahaɗin ƙugu da na gwiwar ƙafar gaba. Ana gano wannan ne da hoton ƙashi. A Birtaniya ana ba da maki daga 0 zuwa 106, ƙarancin makin shi ne alheri. FCI tana amfani da haruffa daga A zuwa E. A Amurka hukumar OFA ba ta ba da takardar dindindin sai kare ya cika wata 24. A wurina, sakamakon hoton ƙugun uwa da uba ya fi kofi goma muhimmanci ga wanda zai ciyar da kare shekara goma. Mai neman karen aiki kuwa, takardar gwajin aiki irin IGP, wadda take auna bin sawu da biyayya da kariya, ita ce ta fi kusa da buƙatarsa.

Ga mai saye

Kafin ka ba da kafin alƙalami, nemi cikakken sunan rajista na uwa da uba da lambobinsu. Tambayi wace hukuma ce ta ba da kambun, a wace gasa, a wace shekara, a wane aji. Manyan hukumomi da masu shirya gasa suna buga sakamako a intanet, kuma Kennel Club da OFA suna da shafukan da ake neman sakamakon gwajin lafiya da sunan kare. Nemi a nuna maka uwar tare da 'ya'yanta, ka kuma zo da likitan dabbobi mai na'ura ya karanta ƙwayar shaida. Mai kiwo na gaskiya yana jin daɗin waɗannan tambayoyi, domin ya sha wahala kafin ya sami amsarsu. Wanda ya fusata, ko ya ce takardun suna hanya, ko ya ce akwai wani mai saye yana jira, ka riƙe kuɗinka. Ka kuma adana hoton tallan da saƙonnin da kuka yi. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a Najeriya, ta hana bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan abin sayarwa.

Ga abokan sana'a masu kiwo

Ku ne na fi son wannan magana ta isa gare ku. Talla na gaskiya ba shi da wuyar rubutawa. A ce: uban kwikwiyon nan sunansa kaza, ya zo na biyu cikin karnuka tara a ajin matasa, a gasa kaza, shekara kaza, ƙugunsa B ne, uwar ba ta taɓa shiga gasa ba, ƙugunta A ne, akwai zakara ɗaya a hawa na uku. Idan hoton na kakan ne, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa kakan ne. Idan kare ya ci CC ɗaya, a ce ɗaya ya ci, kada a kira shi zakara tun bai zama ba. Idan an shigo da shi daga waje, a ce an shigo da shi. Shigowa daga Turai ba kambu ba ce.

Na san uzurin da ake bayarwa: kowa haka yake yi, wanda ya faɗi gaskiya kayansa ne za su kwana. Amma kasuwar nan ƙarama ce, masu saye sun san juna, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutumin da ya gano an yi masa algus ba zai dawo ba, kuma zai hana goma zuwa. Asarar ba ta tsaya a kan aljihu ba. Idan aka saba biyan kuɗi a kan laƙabi maimakon lafiya, mai kiwo ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan hoton ƙashi, sai a ci gaba da haɗa karnuka masu lalataccen ƙugu, mu kuma a ci gaba da kawo mana 'ya'yansu suna jan ƙafa tun ba su shekara biyu ba. Idan karenka bai taɓa cin komai ba amma lafiyarsa ƙalau kuma halinsa mai kyau ne, faɗi haka, ka sa farashin da ya dace da shi. Akwai masu neman irinsa, kuma su ne za su sake dawowa wurinka.