Darasi: Gane Abin da Ke Sa Injin Mota Zafi

'Yan'uwa manoma, ƙungiya takan yi shekaru tana tara kuɗi kafin ta sayi a-kori-kura ta ɗauko taki da kai amfanin gona kasuwa. Amma zafin inji na 'yan mintoci kaɗan ya isa ya lalata wannan mota, gyaran kuma ya cinye ribar kaka ɗungum. Saboda haka darasin nan ba na direba ba ne shi kaɗai. Ya kamata shugaba da ma'aji da yaron mota su ma su san shi.

Yadda inji ke samun sanyi

Inji yana ƙona mai, don haka dole ya yi zafi. Ruwa ne ke zagayawa cikinsa yana kwaso zafin. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin tiyo zuwa lagireto, iska ta fifita shi, sa'an nan ya koma cikin inji. Injin da ke da lafiya yakan yi aiki da zafin da ya kai wajen digiri 90. Ruwa yana tafasa a digiri 100, a kan tudu irin na Jos ma tun wajen digiri 96. Murfin lagireto ne ke matse ruwan ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Kun ga ashe ɗan murfin nan babban aiki gare shi.

Abin yi idan allura ta hau ja

Ka sauka gefen hanya, ka kashe inji, ka ɗaga bonet. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan rabin sa'a ko fiye, gama tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa ya saluɓe maka fuska da hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa.

Bincike daki-daki

A fara da abin da ba ya cin kuɗi, bayan inji ya huce.

1. Ruwa. In ya ragu, to akwai inda yake bi. Duba ƙarƙashin mota, da bakin kowane tiyo, da jikin lagireto, da gindin famfon ruwa. Inda ka ga farin tabo ko tsatsa, nan yake yoyo.

2. Murfin lagireto. In robarsa ta tsage ko ta bushe, a sayi sabo mai lamba irin ta tsohon. Tsumma ko leda ba za su maye gurbinsa ba.

3. Fambel. Danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi, ya saki. A motoci da yawa shi ke juya fanka da famfon ruwa. In fankar motarku ta lantarki ce, a duba fiyus da wayoyinta.

4. Fuskar lagireto. Ƙaiƙayi da ciyawa da ƙurar hunturu sukan toshe ƙananan kafofinsa, iska ta kasa wucewa. A wanke shi da ruwa daga baya zuwa gaba, a hankali, kada a lanƙwasa haƙarƙarinsa.

5. Baƙin mai. Zaro sandar awo ka duba. In mai ya yi ƙasa, ƙarfe yana gugar ƙarfe, zafi kuwa ya ƙaru.

Lokacin da zafin ke zuwa shi ma shaida ne

In mota tana zafi sa'ad da take tsaye ko tana tafiya sannu, amma ta huce in ta kama gudu, laifin yawanci na fanka ne, domin a gudu iskar hanya ce ke yi mata aikin.

In kuwa a gudu take zafi, ko a kan gangare mai wuya irin Hawan Kibo, to a yi zaton cikin lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko kuwa an yi wa motar lodi fiye da ƙarfinta.

In allura ta hau jim kaɗan bayan an ta da inji, tiyon sama kuwa bai yi zafi ba, to tamostat ya maƙale. Shi wata 'yar ƙofa ce da ke buɗe wa ruwa hanya in zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90. A cire shi a sa cikin tukunyar ruwa a kan wuta. In ruwan ya kusa tafasa bai buɗe ba, ya mutu. Wasu makanikai sukan jefar da shi su bar motar haka nan. Gara a sa sabo, gama injin da ba ya kai zafinsa na aiki yakan sha mai, ya kuma tsufa da wuri.

In ka ga farin hayaƙi yana ta fita daga salansa, ko kumfa tana tasowa a lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar madara, to gasket ɗin kan inji ya ƙone. Kada a ƙara tuƙa motar. A jawo ta zuwa wurin makaniki.

Rigakafi ya fi magani

Ruwan rijiya mai kanwa da ruwan rafi mai laka suna barin dauɗa da ke toshe lagireto. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan shi ya fi, don yana hana tsatsa. In babu, a sa tataccen ruwan sama. Kada a zuba gari ko ƙwai don tsai da yoyo, za su toshe har da hanyoyin da ke da lafiya. A watannin Maris da Afrilu, a yi sammako da kaya masu nauyi. A ajiye jarkar ruwa da fambel na ko-ta-kwana cikin mota kullum.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wa aka ɗora wa duba ruwa da mai kowace safiya?
2. Buhu nawa ya kamata motarmu ta ɗauka, nawa muke ɗora mata?
3. Nawa za mu riƙa warewa daga kuɗin kowane lodi saboda gyara?