Kusurwar Kwamfuta: Na Danna Adireshin Imel Ya Ƙi Buɗewa



A makon jiya wata 'yar ajinmu ta shiga ɗakin kwamfuta don ta tura takardunta na neman tallafin karatu, saura kwana ɗaya a rufe karɓa. Ta buɗe shafin, ta ga wurin da aka ce a tura saƙo ta imel, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, sai ga wani ɗan akwati ya fito da Turanci yana cewa an samu kuskure a "script" na shafin. Wani ya ce cuta ce ta kama kwamfutar, wani ya ce a kashe a kunna, ana cikin haka aka buga ƙararrawa. Da kyar ta tura da wayar yayanta da daddare. To kwamfutar nan lafiyarta ƙalau.

Da farko mu san cewa mahaɗin imel daban yake da sauran. Mahaɗin da muka saba da shi yana farawa da https, kuma burauza ce da kanta take buɗe shi. Shi kuwa na imel da kalmar mailto yake farawa, sai ɗigo biyu, sai adireshin. Burauza ba ta aika wasiƙa. Aikinta kawai ta miƙa adireshin ga manhajar imel da aka naɗa a kwamfutar, kamar Outlook ko Thunderbird. Idan ba a naɗa ko ɗaya ba, kamar ka aiki yaro ne gidan da babu kowa. Shi ya sa a waya abin ba ya wahala, domin yawancin wayoyin Android da Gmail a cikinsu suke zuwa.

Yaya za ka gane irin matsalar da kake ciki? Ɗora kibiyar linzamin kwamfuta a kan mahaɗin, kada ka danna, ka dubi ƙasan allo ta hagu. Idan ka ga mailto da cikakken adireshi, shafin ba shi da laifi, gyaran na kwamfutarka ne. A Windows 10 ka shiga Settings, sai Apps, sai Default apps, ka zaɓi manhaja a ƙarƙashin Email. Mai amfani da Firefox ya shiga Settings, ya nemo mailto a sashen Applications, ya zaɓi Gmail. A Chrome kuwa, idan ka buɗe Gmail akwai wata 'yar alama da kan bayyana a ƙarshen layin adireshi tana neman izinin buɗe irin waɗannan mahaɗai. Amma kwamfutar makaranta ta kowa ce, a nemi izinin malam kafin a taɓa saiti.

Idan kuwa maimakon adireshi ka ga kalmar javascript, ko alamar # ita kaɗai, to nan ne labarin yake da ɗan tsawo. Akwai manhajojin da ke yawo a intanet dare da rana suna tsintar duk rubutun da ke da alamar @, alamar da Ray Tomlinson ya zaɓa wa imel tun 1971, don a riƙa cika akwatin mutane da tallace-tallace da saƙonnin damfara. Saboda haka masu shafuka da yawa sukan ɓoye adireshinsu. Sukan yanka shi gunduwa-gunduwa ko su hargitsa haruffan, sannan su rubuta ɗan gajeren umarni da yaren JavaScript wanda zai haɗa shi a daidai lokacin da shafin ya buɗe. Wannan umarnin shi ne "script" ɗin da akwatin yake magana a kai. Idan bai yi aiki ba, adireshin bai haɗu ba ke nan, ko sau ɗari ka danna. Kamfanin Cloudflare yana yi wa shafuka da dama wannan hidimar, kuma idan umarninsa bai yi aiki ba, kalmomin "email protected" za ka gani a gurbin adireshin.

Me ke hana umarnin aiki? Wanda muka fi fama da shi a nan shi ne raunin netiwok: rubutun shafin ya iso, fayil ɗin umarnin ya maƙale a hanya. Danna Ctrl da F5 tare, shafin zai sake saukowa daga tushe. Wani lokaci kuma manhajar toshe talla da aka ƙara wa burauza ce take tare shi bisa kuskure, ko wani ya kashe JavaScript gaba ɗaya a saiti. A Chrome danna Ctrl da Shift da N ka buɗe tagar sirri, inda irin waɗannan ƙarin manhajoji ba sa aiki sai an ba su izini, ka sake gwadawa.

Sai tsufan burauza, wanda shi ne ya ci 'yar ajinmu. Wancan akwatin mai nuna lambar layi yana tambaya ko a ci gaba, na Internet Explorer ne, kuma Microsoft ta daina kula da ita tun 15 ga Yuni 2022. Masu rubuta shafuka na yanzu ba sa la'akari da ita. Ko ka danna Yes ko No, adireshin ba zai fito ba. A ganina ɓata lokaci ne a tsaya gyaranta, a buɗe shafin da Chrome, Edge ko Firefox kawai.

'Yan kulob ɗin kwamfuta, ga naku. Danna F12, ka zaɓi Console, ka karanta layukan da aka rubuta da ja. Idan ka ga ERR_BLOCKED_BY_CLIENT, wani abu ne a burauzarka ya tare fayil ɗin. Idan ka ga "is not defined", shafin yana kiran umarnin da bai iso ba, ko wanda mai shafin ya rubuta ba daidai ba. Wannan na ƙarshe ba naka ba ne, mai shafin ne kaɗai zai gyara. Kada kuma wani ya sa ka liƙa rubutun da ba ka gane ba a cikin Console, da haka ake sace wa mutane asusu.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma idan ranar ta riga ta zo, akwai gajeriyar hanya. Danna maɓallin dama na linzami a kan mahaɗin, ka zaɓi "Copy email address", ka buɗe Gmail ko Yahoo a wata taga, ka liƙa a gurbin mai karɓa. Ka duba kada kalmar mailto ta biyo shi, kada kuma a bar fili a tsakiyar adireshin. Bayan ka gama, ka fita daga asusunka kafin ka tashi daga kujera.